Ranar da Aka Kifar da Kunkuru

A shekara ta biyu da rabuwar ƙasar Dargaza, lokacin da Sarki Cindo yake riƙe da birni da gulbi na sama, ƙanensa Yarima Tunau kuma ya tsare gulbi na ƙasa tun daga Mashigin Kada har iyakar ƙasa, ni ne Sarkin Jirgi. Ni Barmo. Ban taɓa riƙe allo ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma a zamanina babu wanda ya san Gulbin Taraka kamar yadda na san shi. Ka ɗaure mini ido ka ɗora ni a jirgi, daga ƙarar ruwa a jikin itace zan gaya maka gindin bishiyar da muke wucewa. Duk waɗanda suka zauna a majalisar wancan zamani ƙasa ta rufe su, ni kaɗai na rage, don haka sai ku ji daga bakina.

Kafin zuwan ƙarfe, yaƙin ruwa a ƙasarmu ba yaƙin kisa ba ne. Jiragenmu na maɗaci ne, fafaffu, matuƙansu kuwa dukansu masunta, kuma mu masuntan Taraka dangi ɗaya muke tun daga sama har ƙasa. Sarakuna su yi faɗansu, su zuba mana maharba da 'yan bindiga a jirgi, mu kuma gwanintarmu ɗaya ce, wato a kifar da jirgin abokin gaba. Jirgin itace in ya kife ba ya nutsewa. Matuƙa za su taso kamar ƙorai, tsarkiyar baka ta jiƙe, albarushi ya jiƙe, sai a tsamo mayaƙa a ɗaure, a juya jirgi a kwarfe ruwan. Da yamma sai ka ga wanda ya kifar da wanda aka kifar suna cin tuwo a akushi ɗaya ana tsokanar juna.

Dabarar da muke kifarwa da ita muna kiranta taɗiya. Ka bari jirgi ya ba ruwa gefensa, ka jefa ƙugiya ta kama shi ta sama, igiyar kuwa tana ɗaure a wani abu mai ƙarfi ta wajen da ruwa yake fitowa. Kai ka riƙe masa kai, gulbi ya kwashe masa ƙafafu. Jirgi ɗari da goma sha huɗu na kifar da haka, kuma a cikinsu ban taɓa kashe matuƙi ko ɗaya ba. Ku tambayi duk wanda kuka ga dama.

Yarima Tunau shi ya fara kawo ƙarfe cikin ruwa. Da zai bar birni ya tafi da rabin maƙeran Dargaza. Suka haɗa jirgi mai tsawon gaba ashirin, suka yi masa rumfar katako, sannan suka lulluɓe rumfar da gefuna da fallayen ƙarfe, ƙusa kusa da ƙusa, ba su bar komai ba sai ramukan filafili, da bakin igwa biyu a kowane gefe, da 'yar ƙofa ɗaya a baya. Aka sa masa suna Kunkuru. Ranar da ya fara haurowa muka tare shi a Gungun Tsamiya da jirage arba'in. Kibiya ta zame, harsashi ya baje a jikinsa kamar an jefa tuwo a bango, ya bi ta cikinmu yana farfasa maɗaci. Da goma sha uku muka komo.

Matuƙa sittin da biyu ne a cikinsa, dukansu na san iyayensu. Wanda yake riƙe da filafilin baya kuwa, mai juya jirgin, yayana ne Nomau, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba wani saɓani ne ya raba mu ba. Tungarsa ta kamun kifi tana ƙasa da Mashigin Kada, tawa tana sama, da aka raba ƙasa sai aka raba da mu.

Sarki Cindo ya yi rantsuwa shi ma sai ya yi nasa. Aka bi gida-gida ana karɓar fartanya da garma da gatari, har tukwanen ƙarfe na matan fada. Wata biyar maƙera suna duka. A daminar nan gonaki da yawa da hannu aka cire musu ciyawa. Aka gama jirgi, aka sa masa suna Dorina, na zaɓo masa matuƙa hamsin da takwas.

Bayan kwana tara da saukar da Dorina cikin ruwa, jakadan Yarima ya iso da hantsi. Aka tara majalisa a babban zaure, aka shigo da shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan ya kwance bakin wata jakar fata ya zazzage ta a gaban karaga. Dalma ce, harsasan da muka harba wa Kunkuru, kowane ya baje kamar waina.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ƙanenka Yarima yana gaisuwa, ya ce a maido maka da kayanka, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ce tamburan gidan Dargaza na wanda gulbi ya yi wa biyayya ne, gulbi kuwa ya riga ya nuna nasa. Ya ba ka kwana bakwai ka aiko da su cikin girma. In sun cika bai gan su ba, Kunkuru zai zo ya ɗauka a kwatar fada, kuma ba zai yi sallama ba."

Sarki ya sa aka kai jakada masauki aka ba shi ruwa. Jakadan yana fita ya gifta ta gabana, sai ya rage murya.

"Sarkin Jirgi, yayanka ya ce a tambaye ka, har yanzu in kana tuƙi jirgi na karkata hagu?"

Na ce, "Ka gaya masa yana karkata, amma bai taɓa kifewa ba. Ka ce masa ya rage cin man shanu, na ji an ce da ƙyar yake shiga ƙofar Kunkuru."

Da aka rufe zaure, Kaura Bagudu, shugaban mayaƙan Sarki, shi ya fara magana. Jarumi ne a kan tudu, ba zan ci masa haƙƙi ba.

Ya ce, "Zaki, Allah ya ba ka nasara. Abin da ya gagari kibiya ya gagari igwa, ba ya gagarar wuta. Ruwa daga wajenmu yake gangarawa. A ɗaure karan dawa dami ɗari biyu a kan gungume, a kwarara musu man kaɗe, a cinna wuta a sake su a bakin Mashigi, inda gulbi ya matse babu wajen kaucewa. Ƙarfe tukunya ne. Ba sai mun fasa ta ba, mu dai mu hura mata wuta."

Na ga kawuna suna gyaɗawa. Ni kuwa na san abin da yake cikin tukunyar.

Magajiya, gwaggon Sarki, ita ce mai kula da haƙƙin gulbi tun zamanin ubansu. Daga inda take zaune a bayan labule ta ce, "Ɗana, kafin ku hura wuta ku ji abin da na gani. Shekaranjiya na kai baƙin rago bakin ruwa, aka jefa shi a zurfi kamar yadda ake yi kowace shekara. Ya yi iyo ya fito, ya tsaya a gabana yana kakkaɓe jiki. Tun ina budurwa nake kai ragon nan, ban taɓa ganin an maido shi ba. Kai da Tunau ni na goya ku, zane ɗaya. Ku aika masa, ku zauna."

Kaura ya ce, "Gulbi ya ƙi rago ne don mutane yake so, ranki ya daɗe. Sai mu ba shi na Yarima."

Nan na miƙe, na gyara riga, na durƙusa a gaban karaga.

Na ce, "Zaki, Allah ya ja zamaninka. Kaura ya yi magana irin ta mutumin da in ruwa ya kai masa ƙugu sai ya fara kalmar shahada."

Kaura ya ce, "Ji mai ƙarnin kifi!"

"Ƙarnin kifin nan shi ya haye da kai ranar Gungun Tsamiya, kana rungume da ni kamar jinjiri." Aka yi dariya, har Sarki ya sa hannun riga ya rufe baki. Na ci gaba. "Zaki, mutum sittin da biyu da suke cikin Kunkuru ba su yi maka tawaye ba. Talakawanka ne, an same su a tungayensu aka ce su shiga, suka shiga. In ka gasa su yau, gobe wa zai haye da mutanenka, wa zai kamo maka kifi? Kuma wane masunci ne zai sake riƙe filafili a jirginka, bayan ya shaƙi ƙaurin ɗan'uwansa? Ragon Magajiya ni na gane maganarsa. Gulbi cewa yake yi, abin da ya shiga cikina bana zai fito da ransa. Na dubi Kunkuru da kyau ranar da ya farfasa mu. Kansa ya fi gindinsa nauyi, kuma ba ya iya harbi sai ya juya gefe. Duk jirgin da ya ba ruwa gefe, nawa ne. Ka ba ni igiya huɗu da ƙugiya huɗu. Zan kifar maka da shi a Mashigin Kada, in tsamo maka mutanensa da ransu, mu juya shi mu kwarfe, ka wayi gari da jiragen ƙarfe biyu."

Kaura ya ce, "Yayansa yake so ya tserar, Zaki."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Da yayana, da sauran sittin da ɗaya. Ban ɓoye ba."

Sarki ya daɗe yana duban dalmar da take zube a gabansa. Sannan ya juya wajen Sarkin Maƙera ya tambaye shi ko ƙugiya za ta sami abin kamawa a jikin ƙarfe. Sarkin Maƙera ya ce za ta samu, akwai doro a tsakiyar rumfar inda fallaye suka haɗu, kuma zai ƙera ƙugiyoyin da ko giwa ba za ta miƙe su ba. Abin da aka tambaye shi ke nan, shi ya amsa.

Sarki ya ce, "Jinin Dargaza ya zuba da yawa. Mun ɗauki shawarar Sarkin Jirgi. Amma Tunau ba zai fito da Kunkuru daga ƙarƙashin ganuwarsa don jirgin wofi ba. Ni zan shiga Dorina da kaina, da tamburan da yake nema, ya zo ya ɗauka."

Magajiya ta tashi. Na ji ƙarar mundayenta tana fita ta ƙofar baya.

Ran kwana na bakwai, rana tana ɗagowa, muka isa Mashigin Kada. A wurin gulbi ya matse tsakanin duwatsu, ruwa yana gudu, zurfinsa gaba uku, gwangwala ba ta taɓa ƙasa. A tsakiya akwai wani baƙin dutse mai faɗin masussuka. Can ƙasa, bayan lanƙwasa ɗaya ta gulbi, ganuwar Yarima ce da kwatarsa. Na ɗaure igiyoyin rama huɗu, kowace kaurin dantse, a jikin dutsen, na laɓe a bayansa da ƙananan jirage shida. Dorina kuwa na danƙa ta a hannun tsohon abokina Gado, na ce ya tsayar da ita daidai dutsen, da filafili kawai, kada ta hau kada ta gangara. Sarki yana ciki da Kaura da Galadima da manyan fada, aka shiga buga tambura.

Ba mu daɗe ba sai ga Kunkuru ya kewayo kwana, baƙi ƙirin, filafilai suna shiga suna fita a tare kamar ƙafafun shanshani. Na san bugun nan. Nomau ne kaɗai yake iya sa mutum sittin su zama mutum ɗaya. A bayansa ƙananan jiragen Yarima suna biye, nesa kaɗan.

Ya hauro har suka yi daidai da Dorina, ya juya gefe, igwa ta tashi. Wanda bai ji ƙarfe ya daki ƙarfe a tsakanin duwatsu ba, bai san ƙara ba. Tsuntsaye suka watse daga gaɓa biyu. Dorina ta rama. Dunƙulen ƙarfe ya bugi rumfar Kunkuru ya yi tsalle sama ya faɗa ruwa. Haka suka yi ta yi, harbi bakwai ko takwas, babu wanda ya huda wani, hayaƙi ya kwanta a kan ruwa har ba ka ganin gaɓa. An ce waɗanda suke ciki jini ya riƙa fita musu ta kunne.

Na jira sai da Kunkuru ya zame ƙasa da dutsen kaɗan, yana kwance a gicciye, sannan na ɗaga hannu. Muka fito cikin hayaƙi. Ƙugiya biyu suka kama doro, biyu suka zame suka faɗo. Ban tsaya sake jifa ba, na ɗauki biyun na rataya a kafaɗa, na daka tsalle na hau rumfar. Ƙarfen ya sha rana ya sha wuta, tafin ƙafafuna suka saɓule, tabon yana nan har yau. Na maƙala su da hannuna, sannan na rarrafa zuwa baya, inda aka bar 'yar tsaga don mai juya jirgi ya riƙa gani. Na sa bakina.

"Yaya Nomau! Toshe hancinka, ga ƙanenka ya zo!"

Na ga idanunsa ta tsagar, jajawur don hayaƙi. Sai ya tuntsire da dariya.

"Barmo, ɗan banza! Sauka mini daga ka, kada in haɗa ka da Inna!"

Inna kuwa ta shekara goma sha biyu da rasuwa. Na yi dariya na faɗa ruwa.

Ina hawa jirgina igiyoyi suka miƙe, suna kuka, ruwa yana tsiyaya daga jikinsu. Kunkuru ya tsaya cak. Gulbi ya tura gindinsa, igiya ta riƙe kansa, ya fara sunkuyowa a hankali. Ramukan filafili na gefen da yake duban dutsen suka taɓa ruwa, suka nutse. Sai ya juya gaba ɗaya, ya nuna mana cikinsa na itace mai gansakuka. A duk taɗiyar da na yi a rayuwata babu wadda ta kai ta kyau. Mutanena suka ɓarke da kuwwa, daga cikin Dorina aka sauya kiɗan tambura zuwa na nasara.

Na miƙe tsaye a jirgina, hannuna a ƙugu, ina jiran kawuna su taso. Har na shirya abin da zan gaya wa Nomau in na kamo shi ta wuyan riga.

Cikin jirgin ya yi ƙasa kaɗan. Ya ƙara yin ƙasa. Sai ruwa ya haɗe a kansa, kumfa ta yi ta tasowa, manya-manya, da filafilai, da hular wani.

Muka tsaya. Kamar tsawon karanta Fatiha sau uku, babu kai ko ɗaya.

Wani daga cikin mutanena ya ce, a hankali, "Sarkin Jirgi, jirgin bai taso ba."

Ko yaron da bai yi kaciya ba ya san in gatari ya faɗa gulbi ba ya dawowa. Ni ma na sani. Amma tun ranar da na fara ganin Kunkuru ban taɓa kiransa ƙarfe a zuciyata ba, jirgi nake kiransa, jirgi kuwa a wurina in ya kife yana nan a bisa ruwa yana jiran a juya shi. Shekara arba'in idona bai ga wani abu daban ba. Sarkin Maƙera ya san nauyin abin da aka jibga masa, amma bai taɓa kifar da jirgi ba. Ni na kifar da ɗari da goma sha huɗu, amma ban taɓa ɗaga fallen ƙarfe ɗaya na ji nauyinsa ba. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa a majalisa, babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Nomau kansa, da ya fi ni hankali, dariya ya yi.

Ban san lokacin da na faɗa ruwa ba. Da na buɗe ido a ƙasa sai na ga ba ni kaɗai ba ne. Mutanena duk sun biyo ni, matuƙan ƙananan jiragen Yarima su ma sun watsar da maharbansu sun nutso. Kunkuru yana kwance a kan gefensa. Ta ramukan filafili hannuwa ne a waje, har kafaɗa, wasu suna motsi. Ramin ba ya wuce kan mutum. Daga ciki kuma ana bugun ƙarfe, ana bugu, ana bugu, don iska ta maƙale a wani lungu, wasu suna shaƙa. Na lalubo ƙofar baya na ja. Fallen ƙarfe ya lanƙwashe a kanta, ko motsi ba ta yi ba.

Na taso ina ihu a ciro ƙugiyoyi daga doro a maƙala su a ƙofar. A nan na ga mutanen Dorina ma suna cikin ruwa. Daga baya aka gaya mini yadda aka yi. Gado ya hango ta tsagarsa, ya saki filafili ya nufi ƙofa. Kaura ya zare takobi ya tare shi. Gado ya ce, "Sare ni, Kaura, amma ka yi sauri, 'ya'yana biyu suna ƙasa." Kafin Kaura ya yanke shawara mutum hamsin da takwas sun bi ta kansa sun fice.

Muka hau dutse muka kama igiya, na Sarki da na Yarima a cakuɗe, babu mai tambayar wani. Ja na huɗu ƙofar ta ɓalle. Muka koma ƙasa. Ƙofar mutum ɗaya take ɗauka, ciki duhu, gawa a kan gawa. Kana miƙa hannu sai ka ji an turo maka mutum daga ciki, ka kama shi ka yi sama. Haka muka yi ta fitowa da su muna kwantarwa a kan dutse, ana danna musu ciki suna amayar da ruwa. Goma sha ɗaya suka yi numfashi.

Ina durƙushe a kan na goma sha ɗayan sai na ji ana kiran sarautata. Na ɗaga kai. Dorina ce, ta bar wurinta, tana gangarawa tana juyi kamar ƙwarya. Manyan fada sun ɗauki filafilai, kowa yana dukan ruwa ta inda ya ga dama, mutanen da ko kwale-kwale ba su taɓa tuƙawa ba. A bakin ƙofa kuwa Sarki Cindo ne tsaye, riƙe da ƙarfe. Shekara tara ina yi masa barantaka ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a majalisa sai an kasa kunne. Ranar na ji.

"Sarkin Jirgi! Barmo!"

Na auna tazarar da ido. Ba alfahari ba, da na ɗauki ƙaramin jirgi da mutum goma, da na cim mata kafin ta kai kwana, na shiga na tsayar da ita. Babu wani a Taraka da zai iya, amma ni zan iya. Kuma Sarki ya yi mini alheri, ya ɗauki maganata a gaban majalisa, ya ƙi wuta saboda ni.

Sai mutumin da nake dannawa ya kama mini wuyan hannu. Da ƙyar maganar take fita.

"Baba Barmo, Baba Nomau ne yake turo mu. Igwa ta gangaro ta danne masa ƙafa. Ruwa ya kai masa haɓa."

Sarki ya sake kira. Na juya masa baya na nutsa.

Sau uku ina shiga. Na farko na same shi a lungun, na taɓa fuskarsa, ya matse mini hannu. Na sa kafaɗa a jikin igwar, ba ta motsa ba, numfashina ya ƙare. Na biyu na shiga da Gado da wani mutumin Yarima, muka ɗaga ta kaɗan ta koma. Na uku muka zura mata ƙugiya, na kan dutse suka ja, ta gusa. Na rungumo shi ta ƙirji na fito da shi ta ƙofar nan, ya wuce ba tare da ya maƙale ba. Amma a wannan karon bai matse mini hannu ba.

Na kwantar da shi a kan dutse na danna, na danna, har Gado ya riƙe ni. Na zauna na ɗora kansa a cinyata. Gulbi ya koma gudunsa kamar ba a yi komai ba. Dorina ta riga ta sha kwana, ba a ganinta.

Rana tana tsaka sai muka ji tambura daga ƙasa. Su ne dai na gidan Dargaza, na san muryarsu, amma hannun da yake bugawa daban ne. Dorina ta je ta kafe a yashin kwatar Yarima, aka buɗe ƙofa, Sarki Cindo ya fito shi da manyan fadarsa, babu wanda ya harba ko kibiya ɗaya. Kafin la'asar an warware masa rawani. Tunau bai kashe shi ba, ya ba shi gida a cikin ganuwa ya sa masa masu tsaro, a nan ya ƙare kwanakinsa.

Maroƙa in suna lissafa waɗanda suka ɗora Tunau a karaga ba sa sa sunana. Ƙarya suke yi, ni na ɗora shi. Ni na kifar da Kunkuru da igiya huɗu, abin da ya gagari igwa. Matuƙa hamsin da ɗaya kuma da muka kwana biyu muna tsamowa muna jerawa a yashin Mashigin Kada, ban yarda kowa ya taɓa su ba. Ni na yi musu wanka da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ina kiran sunan kowa da na ubansa. Nomau na bari a ƙarshe.